Cinikin Akwatin Wasa: Saye Ne Ko Haya?

 

Akwai wani ciniki da ya kamata malamai da 'yan kasuwa su dube shi da idon basira, ko da yake a zahiri abin yara ne. Shi ne cinikin akwatin wasa, watau na'urar nan da ake jonawa da talabijin, samari su riƙe abin sarrafa ta a hannu suna buga ƙwallo ko tseren mota a kan gilashi, wadda suke kira gem. Kada mai karatu ya raina al'amarin. A shekarar 2023 kamfanin Microsoft na Amurka ya biya kusan dala biliyan 69 ya sayi kamfani guda ɗaya mai yin wasanni, wanda ake kira Activision Blizzard, kuɗin da ya fi kasafin shekara na ƙasashe da yawa.

Maganar halaccin wasan kansa daban ce. Malaman mazhabar Malikiyya sun tsananta a kan nardi da shaɗaranji, kuma kowane malami ya san hukuncin abin da ya shagaltar da mutum daga salla. Abin dubawa a nan shi ne ƙullin cinikin, domin ya sake kama cikin 'yan shekarun nan. Da, mutum yakan biya kuɗi ya karɓi abu ya riƙe a hannunsa. Yanzu kuwa yakan biya kuɗi a ba shi izni kawai, mai iznin kuma yana iya janye shi.

Asalin wannan kasuwa a Amurka take. A 1972 aka fara sayar da akwatin wasa na gida, ana kiransa Magnavox Odyssey. A 1977 kamfanin Atari ya fito da nasa, wanda ake cusa wa kaset, kowane kaset da wasansa, ya kuwa samu karɓuwa ƙwarai. Amma Atari bai iya tsare ƙofar kasuwarsa ba. Duk wanda ya ga dama sai ya ƙera kaset ya kawo kanti, kaya marasa kyau suka cika wuri, masu saye suka ƙosa suka janye hannu. A 1983 kasuwar ta rushe, har Atari ya kwashi kaset dubu ɗaruruwa da suka yi kwantai ya binne su a juji a garin Alamogordo, cikin jihar New Mexico. Mutane suka daɗe suna ɗaukar labarin tatsuniya, sai a 2014 aka tone wurin aka same su.

Wanda ya ɗauki darasi daga wannan faɗuwa shi ne Nintendo na ƙasar Japan, tsohon kamfani da aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 yana buga karta. Da ya kai akwatinsa Amurka a 1985, sai ya sa masa kuba ta lantarki a ciki, yadda ba kaset ɗin da zai yi aiki sai wanda ya fito ta hannunsa. Mai son ya sayar da wasa sai ya nemi yarda, ya biya, kuma ba a barinsa ya fitar da fiye da wasa 5 a shekara. Fatake sun san irin wannan tsari tun kaka da kakanni. Fatoma yakan sauki baƙo a gidansa, ya ba shi ɗaki da ruwa ba tare da ya tsawwala ba, domin ya san duk abin da baƙon ya sayar sai ta hannunsa, kuma la'adarsa tana ciki. To, mai ƙera akwati fatoma ne. Akwatin shi ne gidan, masu yin wasanni su ne baƙin, ribar kuwa tana cikin la'ada, wadda a kantunan intanet na kamfanonin nan ta saba zama kashi 30 cikin 100.

Saboda haka ne ba su damu su ci riba a kan akwatin kansa ba. A 2021 wata babbar ma'aikaciyar Microsoft, Lori Wright, ta ba da shaida a gaban kotu a Amurka cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da akwatin Xbox ba. A 2022 kuma shugaban sashen na lokacin, Phil Spencer, ya ce suna yin hasarar dala 100 zuwa 200 a kan kowane akwati, da fatan mai saye zai mayar musu ta wajen sayen wasanni. Ɗan kasuwar da ya karya farashin fitila domin shi kaɗai ke da kananzir a garin, ba wauta ya yi ba.

Duk da wannan wayo, tsohon tsari ya bar wa ƙaramin ɗan kasuwa rabonsa. Tun da Sony ya shigo da PlayStation a 1994, wasa ya koma kan faifai, faifai kuwa dole a buga shi, a ɗauko shi a jirgi, a jera shi a kanti, kowane hannu da ya bi ya samu nasa. Abin da ya fi wannan, wanda ya sayi faifai ya mallake shi. In ya gaji da shi ya sayar, ko ya ba da aro, ko ya yi musanya da maƙwabci, kamfani kuwa ba ya samun ko anini a ciniki na biyu da na uku. Babban kantin nan na Amurka, GameStop, da wannan ya yi ƙiba: ya sayi tsohon faifai da araha ya sayar da riba.

Kuma farashin akwati yakan sauka da tsufansa. PlayStation 2 ya fito a 2000 a kan dala 299, zuwa 2009 ya koma dala 99, an kuwa sayar da fiye da miliyan 160, adadin da Sony ya bayyana a 2024. Ta wannan hanya kayan suka iso ƙasar Hausa. Abin da yaron Turai ya gaji da shi ya zama kayan gwanjo, ya hau jirgin ruwa, ya zama jarin saurayi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, wanda zai kama shago ya jera talabijin da benci, ya ta da janareta, yara su biya kuɗin kowane wasan ƙwallo. Mai gyara ya samu, mai sayar da faifai ya samu, mai shago ya samu haya.

Waɗannan ginshiƙai biyu, saukar farashi da mallakar faifai, su ne suke rushewa.

Na farko, farashi ya daina sauka, ya koma hawa. PlayStation 5 ya fito a 2020 a kan dala 499. A 2022 Sony ya ƙara masa kuɗi a Turai da Japan da wasu ƙasashe, a watan Agusta na 2025 kuma ya mai da shi dala 549 a Amurka. Xbox Series X ya fara a kan dala 499 a 2020, a watan Mayu na 2025 ya zama 599, a watan Oktoba ya zama 649. Har tsohon Switch na Nintendo, wanda ya fito tun 2017 a kan dala 299, an ɗaga shi zuwa 339 yana da shekara 8 a kasuwa. Tsofaffin 'yan kasuwar wannan kaya ba su saba ganin haka ba. Dalilan kuwa sun taru ne. Ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin na'ura, waɗanda da sukan yi araha kowace shekara, sun daina yin arahar da aka saba. A 2025 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin fito mai nauyi a kan kayan Sin da na sauran ƙasashen Asiya, inda ake haɗa akwatunan. A ƙarshen shekarar kuma masu gina manyan rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira suka yi ta wawar ƙwayoyin ajiyar bayani, har farashinsu ya tashi. Ga mai saye a Nijeriya abin ya zama biyu, domin tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a 2024.

Daɗin daɗawa, yin wasan kansa ya zama aikin da sai manyan attajirai. Wata takardar Sony da aka gabatar a kotu a 2023 ta nuna wasa ɗaya, The Last of Us Part II, ya ci dala miliyan 220 kafin a gama shi. In irin wannan ya karɓu, an ci riba. In bai karɓu ba, an shiga uku. A 2024 Sony ya fitar da wani wasa, Concord, bayan shekaru ana aikinsa, cikin mako 2 ya janye shi daga kasuwa ya mayar wa mutane kuɗinsu. A shekarar nan kuma Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni cikin wata guda, watanni kaɗan bayan babban sayen da aka ambata. Wanda jarinsa ya yi nauyi haka, lalle ba zai so ya ga faifansa yana yawo hannu zuwa hannu ba a biyansa.

Wannan shi ya kawo rushewar ginshiƙi na biyu. A 2013 Microsoft ya gwada da ƙarfi. Ya ba da sanarwa cewa sabon akwatinsa, Xbox One, sai ya riƙa gaisawa da kamfani ta intanet sau ɗaya a kowace sa'a 24, kuma za a taƙaita sayar da tsohon faifai da ba da shi aro. Jama'a suka yi ca, Sony ya yi masa ba'a a bainar jama'a, cikin 'yan kwanaki ya janye maganar. Amma abin da ƙarfi bai kawo ba, haƙuri ya kawo shi. Aka sauƙaƙa wa mutane sauke wasa ta intanet suna kwance a ɗaki, aka riƙa yi musu rangwame, har suka saba. A 2020 Sony da Microsoft kowanne ya fitar da akwati iri biyu, mai bakin faifai da marar baki, marar bakin ya fi araha. A 2024 Sony ya fitar da mafi tsadar akwatinsa, PlayStation 5 Pro, a kan dala 699 ba bakin faifai, mai so ya saye shi daban a kan dala 79. Lissafin Sony na shekarar kuɗi ta 2024 ya nuna kimanin uku cikin huɗu na wasannin da aka saya, sauke su aka yi, ba faifai. GameStop kuwa ya rufe ɗaruruwan kantunansa.

Sa'an nan aka zo da biyan wata-wata. A 2017 Microsoft ya buɗe Game Pass, inda mutum zai biya kuɗin wata ya yi wasa da duk abin da ke cikin rumbun, in ya daina biya a rufe masa ƙofa. A farkon 2024 masu biya sun kai miliyan 34, a watan Oktoba na 2025 kuma aka ɗaga kuɗin babban matakinsa daga dala 20 zuwa 30. Tun da ribar ta koma kan kuɗin wata da sayar da wasa, katangar gidan fatoma ta rage amfani. Shi ya sa daga 2024 Microsoft ya fara kai wasanninsa kan akwatin abokin hamayyarsa Sony, abin da da ko a mafarki ba a zata ba. Kamfanin Sega ya riga ya bi irin wannan hanya tun 2001, ya bar ƙera akwati ya tsaya ga sayar da wasa. Amma kada a yi gaggawar yi wa akwati jana'iza. Switch 2 na Nintendo ya fito a watan Yuni na 2025 a kan dala 449, aka sayi fiye da miliyan 3.5 cikin kwana 4. Sai dai shi ma ya zo da wani abin mamaki: wasu daga cikin katunansa ba wasa a cikinsu, mabuɗi ne kawai na zuwa a sauko da wasan. Ana iya sayar da katin ga wani, amma amfaninsa yana rataye da rumbun kamfani.

To, a nan ne maganar ta iso zauren malamai. Littattafan fiƙihu sun raba bai'i da ijara. Bai'i shi ne mallakar da zatin abu da musanya, ijara kuwa mallakar da amfaninsa ne zuwa wani ajali. Wanda ya taɓa wurin da aka rubuta "saya" a kantin intanet, me ya ƙulla? In an ce bai'i ne, sharuɗɗan da ya yarda da su, waɗanda da wuya a samu mai karanta su, sun ce ba zai sayar ba, ba zai ba da kyauta ba, ba zai miƙa asusunsa ga wani ba. Alhali kuwa a Muhtasar na Halil, sayarwa da sharaɗin da ya warware manufar ciniki, kamar a ce wa mai saye kada ya sayar, tana cikin cinikin da aka hana. In kuma an ce ijara ce, ina ajalinta? Sharaɗin haya shi ne a san lada a san wa'adi. A nan an san ladan, an biya shi duka a gaba, wa'adin kuwa yana hannun mutum ɗaya, ranar da ya ga dama ya yanke.

Wannan ba zato ba ne, ya auku. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya sayar da wani wasan tseren mota, The Crew, tun 2014, wasan da ba ya aiki sai da kwamfutocin kamfanin. A ƙarshen watan Maris na 2024 ya kashe kwamfutocin, wasan ya mutu a hannun kowa, har waɗanda suke riƙe da faifansa. Da aka kai shi ƙara a jihar Kalifoniya, lauyoyinsa suka amsa cewa ai mutanen ba su taɓa mallakar wasan ba, izni aka ba su. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Abin ya ta da ƙura har fiye da mutum miliyan 1 a Tarayyar Turai suka sa hannu a 2025 suna neman a yi doka a kai. Jihar Kalifoniya kuwa ta yi tata dokar, wadda ta fara aiki a farkon 2025: kanti ba zai yi amfani da kalmar "saya" ba sai ya bayyana wa mai biya cewa izni yake karɓa. Dokar ba ta hana cinikin ba, ta dai hana a kira shi da sunan da ba nasa ba. Adalci ne kuma a faɗa cewa ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Da Google ya rufe nasa wurin wasan, Stadia, a watan Janairu na 2023, ya mayar wa mutane kuɗin na'ura da na wasannin da suka saya.

Abin mamaki, biyan wata-wata, wanda mutane suka fi ƙorafi a kansa, shi ya fi kusa da haya ingantacciya. An san kuɗin, an san watan, ba wanda aka ruɗa da cewa ya mallaki wani abu. Illarsa ita ce wasanni suna shiga rumbun suna fita, wanda ya biya domin wani wasa yana iya wayi gari ya tarar an ɗauke shi. Wanda ya fi duka muni shi ne ƙunshin da ake sayarwa a cikin wasa a rufe, yaro ya biya bai san abin da zai fito ba, ko gwanin ɗan ƙwallo ko wanda ba ya so. Wannan shi ne garari tsantsa, ɗan'uwan sayar da kifi a ruwa da tsuntsu a sama, abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Ba sai malamin Musulunci kaɗai ya gane haka ba: a 2018 hukumar lura da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ƙunshi caca ne, kamfanin EA, mai wasan ƙwallon da ya cika shagunan samari, ya daina sayar da kuɗin sayen ƙunshin a can a farkon 2019. Shi wannan EA ɗin ne aka ba da sanarwa a watan Satumba na 2025 cewa asusun jarin gwamnatin Saudiyya da abokan tarayyarsa za su saye shi a kan dala biliyan 55, saboda haka tambayar ba ta Nasara kaɗai ba ce.

Ga ɗan kasuwar ƙasar Hausa, sauyin yana zuwa ta ƙofofi da yawa. Akwatin gwanjo zai ci gaba da zuwa, amma marar bakin faifai yakan iso fanko, wasannin sun tsaya a asusun mai shi na farko. Mai saye sai ya sake biya da dala, ya sayi data, wani wasan kuwa ya wuce gigabait 100, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Mai tara faifai a shago jarinsa yana iya kwantawa, domin kowace shekara masu bakin karanta shi suna raguwa. Wata sabuwar sana'a kuma ta tsiro a madadinsa, ta sayar da katin kuɗi: mai wasa ya buɗe asusu da sunan Amurka ko Ingila, ya sayi lamba daga hannun dillali ya zuba a ciki. Ribar wannan ƙarama ce, ba ta bukatar rumfa, kuma ranar da kamfani ya ga abin da bai gamshe shi ba ya rufe asusu, ba wani ofis a kusa da za a kai kuka.

Mas'alar da ta fi kusa da isa gaban alƙali ita ce ta gado. A ƙaddara mai gidan wasa ya rasu ya bar mata da 'ya'ya. Za a ƙiyasta talabijin da janareta da benci da akwatunan, a fitar da bashi da wasiyya, a ba matar tumuninta, a raba saura. Amma wasannin da ya yi shekaru yana saya a asusunsa, waɗanda mai yiwuwa kuɗinsu ya fi na bencin da talabijin, takardar kamfani ta ce ba a miƙa su ga kowa. Magada za su ce dukiyar ubansu ce, da guminsa ya biya. In sun san kalmar sirrin asusun za su ci gaba da buɗewa a ɓoye, in ba su sani ba, shi ke nan. Alƙali kuwa sai ya fara yanke ko abin yana cikin tarika ko ba ya ciki, kafin ya ɗauki alƙalamin lissafi.